Mai Gadin Ragon Suna

Duk wanda ya bi ta bayan unguwar Tirwun a daminar bara ya ga Bappa Hammajoda, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai malfa, sanda a gicciye bisa kafaɗu, farin rago a gabansa, wani jan kare mai yagaggen kunne yana biye da shi. Yaran unguwa suna hango su sai su ce, "Ga garken Bappa nan ya fito." Ba ya tanka musu. Mutumin da ya taɓa kora shanu har masu mota suka kashe inji suna jiran ya wuce, ba zai tsaya cacar baki da yara a kan rago ɗaya ba.

A ruga aka haife shi, can wajen Alkaleri, kuma bai san wata sana'a ba sai bin bayan saniya. Shanun sun tafi yadda na mutane da yawa suka tafi. Ciwon huhu ya ɗebi rabonsa, ɓarayi suka kore nasu, 'yan ragowar kuma jinyar matarsa Fatu ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, ita ɗin ma ba ta tashi ba. Bayan rasuwarta sai ɗansa na fari, Muktar, wanda ya girma a gari wurin kawunsa, yake tuƙa keke napep tsakanin Wunti da Yalwa, ya je ya ɗauko shi da tabarmarsa da butarsa. Aka ba shi ɗakin ƙofar gida, a sabon ginin da ko filasta ba a yi masa ba.

To, a ɗakin nan Bappa ya zauna. Zama fa na gaske, irin wanda ke kumbura ƙafa. Daga ɗaki sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki. In an ce ya ɗan fita ya miƙe ƙafa, sai ya ce, "In je ina? Wa zan kai?" A wurinsa, babba ya kama hanya ba dabba a gabansa, ko dai mahaukaci ne ko ɓarawo. Matar ɗansa, Radiyya, 'yar cikin gari ce, mai kirki, mai tsabta har ta so ta yi yawa, sai dai tsakanin suruki da suruka babu hira. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta ajiye kwano, ta koma ciki. Muktar kuwa da sassafe yake fita, ya dawo a gajiye. Ga shi ɗan fari, Bappa bai taɓa kama sunansa ba, "kai" ne kawai. In ya yi masa Fillanci, yaron ya amsa da Hausa. Da tsohon ya gaji sai ya bari.

Da cikin Radiyya ya fito, Muktar ya yi dabarar masu iyali, ya sayo rago tun yana ɗan ƙarami don a kiwata shi a gida kafin ranar suna. Ranar da aka shigo da shi aka ga Bappa ya miƙe bai dafa bango ba. Ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya shafa gadon bayansa, ya ce an cuci yaron nan a ciniki, sannan ya ɗauki lauje ya tafi neman ciyawa.

A lokacin kuwa ɓarayin dabbobi sun addabi unguwar. Da rana tsaka, maza na masallacin Juma'a, sai a tsaya da mota a sunkuci akuya a wuce. Muktar yana da wata fasinja da yake kaiwa aiki, Jemima, likitar dabbobi mai shago a Yalwa. A bayan shagon ta kewaye wani fili da waya tana tara karnukan da aka yasar, na ɗaliban da suka gama karatu suka bar gari, da na ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki. Ita ta ba shi jan karen. Sharaɗinta shi ne kada a bar shi a ɗaure yini guda, a riƙa fita da shi, in kuma sun gaji da shi su mayar mata. "Kar ka sayar wa masu yawo da keji a babur suna sayen karnuka," in ji ta. "Ka dawo min da abuna."

Karen ya iso a kujerar baya, a zaune daram kamar wanda ya biya kuɗin mota. Bappa ya dube shi daga nesa.

"Kai, wannan kuma fa?"

"Mai gadi ne, Bappa. Sunansa Bingo."

"Sunansa me?"

"Bingo."

Bappa ya kau da kai. Shi da furfurarsa ba zai tsaya a titi yana ƙwala kiran Bingo ba, kuma bai taɓa kira ba. Fito yake masa, irin wanda ake yi wa maruƙa. Radiyya ita ma ta kafa tata dokar daga cikin ɗaki: kare ba zai taka tsakar gidanta ba, iyakarsa turken rago, can gefen ɗakin Bappa.

Bayan la'asar tsohon ya tare limamin unguwa, Malam Ikrima, ya tambaye shi hukuncin ajiye kare. Liman ya ce an yarda a wuri uku: gadin dabba, gadin gona, da farauta. Wasu malamai sun saka gadin gida, amma abin da ya fi tsira shi ne ukun nan. In babu dalili, kullum gari ya waye ana yankar wani kaso daga ladan mai karen.

"Rago ɗaya ya isa dalili, Malam?"

"Ya isa mana, Bappa. Ai dabba ne."

"To ranar da ragon ya tafi fa?"

"Dalili ya tafi ke nan."

Bappa mutum ne mai son abin da ya fi tsira. Ya san kabari ya dosa, ya kuma san ɗan ladan nasa bai kai a riƙa gutsurarsa kullum ba. Ya ce a ransa abin mai sauƙi ne: 'yan watanni, a yanka rago, a sallami kare, kowa ya huta.

Sai dai Allah ya isa tsakanin gadi da karen nan. Baƙo ya zo, wutsiya yake kaɗa masa. Da ɓarawo ya zo, ina jin har mota zai raka shi. Ragon da aka kawo shi ya tsare, shi ke tunkuyinsa ya kore shi daga inuwa. Ga iyayi wajen abinci. Karen 'yan jami'a ne, ya saba da taliya da ƙashin kaza, aka zuba masa ƙanzo ya shinshina ya ɗaga kai yana kallon mutane. Bappa ya ce a bar shi, yunwa malama ce. Kafin mako ya zagayo yana lashe kwanon tas.

Fita kuwa dole ce, tunda rago na son ɗanyar ciyawa, likita kuma ta ce a fita da kare. Da hantsi su ukun sukan bi ta tsakanin fulotai, inda ciyawa ke tsirowa a cikin harsashin gidajen da masu su suka kafa suka rasa abin ƙarasawa. Bappa yana tafe yana tsaki. Ko'ina bulo, ko'ina waya, ko'ina allon "ba na sayarwa ba ne." In suka wuce gida na ƙarshe sai gonakin masara, sai duwatsu, sai wani ɗan rafi mai ɗorawa a bakinsa. A nan yake sakin igiyar rago ya zauna, gwiwoyinsa na zugi.

Ranar farko da suka haɗu da garken shanu, karen ya kunyata shi. Bai taɓa ganin saniya kusa ba. Wani bijimi ya yi huci kawai, sai ga mai gadi ya cusa kai tsakanin ƙafafun Bappa yana rawar jiki. Makiyayin, wani magidanci, ya danne dariyarsa ya gaida tsohon da Fillanci, gaisuwa mai tsawo yadda ake yi, har ya zo kan tambayar dabbobi. Ya dubi ragon, ya dubi bayan Bappa ko akwai saura, sannan ya yi shiru. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Bappa ya tsaya yana kallon shanun har suka sha kwana, ya san wadda ke da ciki, ya san wadda ƙafarta ke ciwo, kuma babu wanda ya tambaye shi. Ranar bai yi wa karen fito ba, shi ya bi su da kansa.

Wauta kuwa ba a magana. Ya bi kurege ya cusa kai a rami har sai da aka jawo shi ta ƙafar baya. Ya je shinshinar gidan rina suka harbe shi, ya dawo da hanci kamar ƙosai. Wata rana ya taka ƙayar aduwa, ya zauna a hanya ya ɗaga ƙafa yana kuka. Bappa ya gwada cire ta da tsinke daga nesa, abin ya ƙi. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Sai ya durƙusa ya kama ƙafar da hannunsa ya zare ƙayar. Karen ya kawo harshe zai lashe shi, ya ce, "A'a, wannan kuma ban da shi." Ya sauka rafi ya wanke hannu da ƙasa ya daɗe yana cuɗawa. Amma dai an riga an taɓa.

Cikin watan Agusta ruwa ya tare su a nesa da gida. Hadari ya taso ta bayan duwatsu, kafin su kai ko'ina ya tsuge. Suka faɗa wani kango da aka rufa wa kwano a ɗaki ɗaya. Rago ya tsaya a lungu yana tuƙa. Bappa ya zauna a kan bulo, rigarsa sharkaf, haƙoransa na haɗuwa. Karen ya zagaya ya zagaya, ya zo ya kwanta a kan ƙafafunsa. Da ɗumi. Tsohon ya ɗaga sanda zai ture shi, sai ya mayar ya ajiye.

Bai san lokacin da ya fara magana ba, kuma da Fillanci. Ya ba shi labarin wata farar saniya da uwarsa ta ba shi yana yaro, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa. Ya ba shi labarin Fatu, yadda take sayar da nono a kasuwa ta dawo da labarin kowa a gari, ta hana shi barcin rana da surutu. Tun da aka binne ta bai ambaci sunanta a gaban kowa ba. Karen ya ɗaga yagaggen kunnensa yana saurare, ko kuwa ƙarar ruwa a kan kwano yake ji, oho. Shi dai bai amsa da Hausa ba.

Daga ranar, da sun wuce gida na ƙarshe sai hira ta tashi. Kullum Bappa yakan dawo a jigace, ya zube a tabarma ya ce gobe ba inda za shi, wannan wahala ta ishe shi. Gari na wayewa rago ya fara kuka, kare ya zo bakin ƙofa ya zauna yana kallon sandar da ke jingine, sai tsohon ya yi tsaki ya laluba malfarsa. Kumburin ƙafa ya sace. Gajiya dai tana nan, amma irin wadda ya sani ce tun yana yaro, mai sa mutum ya ci tuwo ya yi barci.

Masara ta nuna, aka fara karya. Rago ya yi ƙiba har yana tafiya da ƙyar. Matan unguwa suka fara cewa Radiyya yau ko gobe. A nan ne Bappa ya kama zuciyarsa tana abin kunya. Yana son jikan nan, Allah ya sani, yana masa addu'a a kowace salla. Amma duk safiyar da ya ji gidan shiru, ba a tafi asibiti ba, sai ya ji wani sanyi a ransa, ya ce to, yau ma akwai fita. Sai kuma ya yi istigfari.

Ranar wata Talata Radiyya ta sauka, namiji. Gida ya cika da 'yan barka. Bappa ya karɓi jaririn a zaure, ya tofa masa addu'a, idonsa ya kawo ruwa ya ce hayaƙin itacen wankan jego ne. Ragon bai dame shi ba. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, kuma makiyayi ya san abin da ake kiwon rago dominsa. Karen ne. Ya juya maganar ta kowace fuska, ya ga mafita ɗaya ce: a ɗaure wata dabbar a turken nan, ko 'yar tunkiya ce, dalili ya dawo. Shi ba shi da abin saya. Sai dai yaron.

To, a nan gizo ke saƙar. Bappa bai taɓa roƙon ɗansa komai ba, ko sabulu. A inda ya tashi, namiji ba ya nuna yana son abu. Baƙo ya zo ruga yunwa na nuƙurƙusarsa, a miƙa masa ƙwaryar nono, zai ce ya ƙoshi. Mai gida ya san ƙarya ce, sai ya sake miƙawa, ya haɗa shi da Allah. Sannan baƙon ya ce, "To, tunda ka matsa," ya karɓa, mutuncin kowa ya tsira. Wannan shi ne fulako, kuma da shi Bappa ya tsufa. Saboda haka sai ya koma jirwaye. Ya ce wa Muktar ciyawa ta yi kyau bana, har asararta ake yi. Muktar ya ce haka ne, Bappa, idonsa a kan waya yana lissafin masu kawo kujeru. Ya ce turken nan itacen ƙirya ne, zai yi shekaru. Muktar ya ce ai nan yake so ya fitar da ɗan shago in Allah ya hore.

Ranar suna Bappa da kansa ya riƙe ragon aka yanka. Yaro ya ci suna Ja'afaru. An ɗaure kare a bayan gida saboda baƙi, kuma da aka watse tsohon ya tattara ƙasusuwa a leda ya zagaya ya kai masa, ya tsaya a kansa har ya cinye. Washegari ya tafi masallaci da nauyi a ƙirji. Ga kare a gida, ga turke ba komai. Ji yake kamar ya ajiye kayan sata a ɗaki.

Da ya dawo ya tarar Muktar yana goge kekensa a ƙofar gida, karen na zaune kusa da taya.

"Bappa, yau zan mayar da shi wurin likita," in ji Muktar. "Sai dai in kana so a bar shi. In kana so, ranar kasuwa sai in lallaɓa in samo 'yar tunkiya, ku ci gaba da fitarku."

Tsohon ya ɗago kai. Ashe yaron ya gane. Ashe jini ba ya ƙarya. Ya gyara tsayuwa, ya dubi can wajen duwatsu, ya daidaita muryarsa yadda ya kamata.

"Ni me zan yi da kare? Na gaji ma. Gwiwoyin nan sun ƙare."

Ya tsaya yana jiran a sake yi masa tayin. Amsar na nan a bakinsa, tun kwana nawa yake gyara ta.

Muktar ya tsugunna yana danna taya da babban yatsa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi taya yake kallo. Yaron kirki ne, ba shi da mugunta ko kaɗan, a gari kawai ya girma, inda a'a take nufin a'a. Ya miƙe da tausayi a fuskarsa.

"Wallahi gaskiya ne, Bappa. Mun wahalar da kai da yawa. Ka yafe mana. Yanzu sai ka zauna ka huta."

Radiyya tana ɗaki ta ji komai, kuma ita ta gane, don ita ke ɗauke kwanon da aka ce an ƙoshi ta tarar da shi wayam. Amma ga gwaggonta a kanta da ruwan wanka, kuma suruka ba ta sa baki tsakanin uba da ɗa. Iyakar abin da ta iya shi ne ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Ka ga, zo mana ka ji."

"Ina zuwa," in ji Muktar. "Fasinja na jira."

Ya buga kujerar baya da tafin hannu. Karen, da yake ba shi da wayo kuma yana son mota, ya yi tsalle ya haye yana kaɗa wutsiya. Keke ya tashi. Sai da suka kai wajen masallaci sannan karen ya waiwayo, ya ga ba a biyo shi ba, ya ɗora ƙafafun gaba a kan ƙarfe ya fara wani siririn kuka. Bappa bai ɗaga hannu ba, bai yi fito ba. Akwai mutane a waje. Ya kafa ido a kan sandarsa har ƙarar keken ta ɓace.

"To, tunda ka matsa," ya ce a hankali, da Fillanci.

Ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya shiga ɗaki, ya jingine sandar a bayan ƙofa, ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Hantsi bai ma ɗaga ba, azahar na da sauran nisa.